Yadda Za Ki Gyara wa Mijinki Ƙaramar Motarsa Ba Tare da Ya Sani Ba

'Yar'uwa, matso kusa. Idan mijinki yana cikin mazan nan da ke sayo mota a kwali, su zazzage ta a kan teburi guntu-guntu, su zauna suna liƙa ta da gam kamar masu neman mayar da fasasshen ƙwai cikin ɓawonsa, to darasin nan naki ne. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan bi da bi, cikin wata huɗu mijinki zai zama gwanin gwanaye a idon abokansa, alhali ko ƙwayar zarra bai ƙara a iyawarsa ba. Hanyar gwadaddiya ce. Yayata ce ta gwada ta daga farko har ƙarshe, ni kuwa ƙanwarta ina gefe da idanuna biyu, ban bari ko ɗaya ya wuce ni ba.

Mataki na ɗaya: Ki samu mijin da ya dace

Ba kowane miji ne zai yi ba. Ki nemi mai babban zuciya da manyan yatsu.

Mijin Yaya malamin tarihi ne a makarantar sakandare, dogo, kakkaura, kowane yatsansa kamar ayaba. Kowa Malam yake ce masa, har ita. Da ya doshi hamsin likita ya auna shi, ya ga jini ya hau, ya ce ya nemi abin da zai riƙa kwantar masa da hankali. Wani da tafiyar ƙafa zai kama. Shi kuwa sai ga shi da kwali a hammata, an zana wata tsohuwar jar mota a jiki. Tsawonta in an haɗa bai wuce tafin hannu ba, amma guntayen robar da ke ciki sun haura ɗari.

Ya kafa teburi a ɗakin da 'yarsu ta bari da ta tafi jami'a. Kullum da yamma in ya dawo sai ya shiga ya yi awa guda, harshe a waje, yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Abin da ke fitowa daga hannunsa kuwa sai wanda ya gani. Tayoyin gaba suna hararar juna. Fenti ya yi kauri kamar an shafa da ludayi. Gam ya tsiyayo a gilashi ya daskare. Amma fa mutumin ya daina yi wa masu karanta labarai a talabijin tsawa, barcinsa ya dawo, jininsa ya sauka.

Ita kuwa Yaya shekararta goma sha takwas tana aiki a shagon tabarau. Sukurorin da take ɗaurewa kullum ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Mace ce da in ta ga tabarau ya karkace a fuskar baƙo a titi, sai ta kau da kai don kada hannunta ya tafi da kansa.

Kin ga an haɗa wuta da auduga ke nan.

Mataki na biyu: Ki fasa ta bisa kuskure

Dole kuskuren ya zama na gaske. Na ganganci ba ya albarka.

Wata Talata da safe Malam ya fita tun bakwai, yana faɗin abin da ya saba faɗi a bakin ƙofa: "Don Allah kar a taɓa mini teburi." Yaya sai goma take buɗe shago. Ta shiga ɗakin da tsumma, niyyarta ta goge taga kawai. Hannun rigarta ya ɗauko motar, ta ji ƙas a ƙasa.

Ta yi salati. Taya ɗaya ta gangara ƙarƙashin gado, madubin gefe ya yi nasa wuri. Ta durƙusa ta tsinto su da sauri, domin ta san wata biyu ya yi yana fama da abin nan, kuma ta san abin da likita ya ce.

Ta zazzage jakarta, ta ɗauko hantsakin da take aiki da shi a shago, ta ɗiga gam da bakin allura, ta mayar da tayar. Ta ja baya ta duba. Nan ta ga ta'asar da ta yi. Tayar ta zauna cas, a miƙe, ita kaɗai a cikin 'yan'uwanta uku karkatattu, kamar mai gaskiya a taron maƙaryata.

Mai hankali zai ce ta cire ta mayar a karkace. Ta gwada, wallahi ta gwada. Hannunta ne ya ƙi. Saboda haka ta ɓamɓare sauran ukun ta miƙar da su.

Da yamma Malam ya shiga ɗakin, ya daɗe a ciki. Yaya tana falo ta kasa kunne. Can sai ya ƙwala mata kira.

"Zo ki ga abin da nake gaya miki! Shi gam ɗin nan, in ka ba shi lokaci ya kwana, da kansa yake zama daidai."

"Ikon Allah," in ji Yaya.

Ki haddace kalmomin nan biyu. Za ki buƙace su da yawa.

Mataki na uku: Ki rantse daga wannan kin daina

Ki rantse da ƙarfi, har ki yarda da kanki.

Washegari Yaya ta leƙa ɗakin don ta tabbatar tayoyin sun kama, shi ke nan. Sai idonta ya sauka a kan gilashin gaba da gam ɗin da ya daskare a kai. Macen da ta ƙare ƙuruciyarta tana goge gilashi har sai ya zama kamar babu shi, ki ce ta ga wannan ta wuce? Ta zauna a kujerarsa, ta ce minti biyar. Ta kankare, ta goge da samfefa mai laushi, ta bi da ƙyallen shago. Da ta ɗaga kai, sha ɗaya saura.

Ranar ce ta fara makara tun da ta kama aiki. Mai shagon ya dube ta ta saman tabaransa.

"Lafiya dai ko?"

"Mota ce ta tsayar da ni, ranka ya daɗe."

Masu hikima sun ce mafi daɗin ƙarya ita ce wadda ko an kai ta gaban alƙali gaskiya ce.

Mataki na huɗu: Kada ki fi shi da yawa a rana ɗaya

Nan ne gwanintar take. Shi zai gina da yamma, ke ki warware da safe, amma kaɗan-kaɗan, yadda tsiro ke girma ba a ganin motsinsa.

Yaya ta fara da karanta takardar bayani da ke cikin kwalin, wadda Malam bai taɓa buɗewa ba. Ya ce shi malamin tarihi ne, ya san ba duk abin da aka rubuta ne gaskiya ba. Ta koyi wanke fenti mai kauri, ta mayar da shi siriri-siriri har hawa uku. Ta koyi cewa gam ba a zuba shi, nuna masa wurin kawai ake yi.

Da ta tsaya nan da da sauƙi. Amma wata safiya ta buɗe murfin injin ta ga wurin fayau, babu wayoyin fulogi, sai ta ji abin ya tsaya mata a rai kamar ƙaya a maƙogwaro. Ta zare baƙin zare ta yi guda takwas. Bayan mako ta yanka siririn ƙyalle ta yi wa kujerun bel. Daga nan ta kwaso ɓaraguzan gilashin tabarau da ake zubarwa a shago, ta goge biyu har suka koma kamar ƙwayar wake, ta dasa su a fitilun gaba. In rana ta shigo ta taga sai motar ta yi kamar tana kallon mutum.

Malam kan tsaya a kanta yana sosa ƙeya.

"Kin san wani abin mamaki? Wani lokaci sai in yi abu in manta na yi."

"Girma ne, Malam."

"A'a, baiwa ce. Hannu yana aiki, ƙwaƙwalwa tana hutawa."

"Ikon Allah."

Ni na kama ta da kaina, ranar da na biya gidan da safe na tarar da ita a sunkuye, burushi mai gashi uku a hannu, ko sallamata ba ta ji ba.

"Yaya! Ki ji tsoron Allah ki gaya wa mutumin nan."

"Zan gaya masa. Bari dai a gama injin."

Ta faɗi haka ba tare da ta ɗago ba. Sai daga baya ta gaya mini abin da ke ranta. Duk yini tana gyara abin da zai zauna a fuskar wani, ana tsaye a kanta ana duba agogo. A gida kuma kowa da abin da yake nema a hannunta. Amma wannan 'yar mota babu wanda ke jiranta, ba za ta kai kowa ko'ina ba. Awa biyun nan na safe su ne kaɗai abin da ta taɓa yi don kawai tana so. Ta ce rabon da ta ji haka tun tana yarinya.

Abin da ta manta shi ne, a kujerar wani take zaune.

Mataki na biyar: Ki shirya wa yabo

Maza masu wannan sha'awa ba sa zama su kaɗai. Malam yana da ƙungiya, mutum biyar, duk Asabar suna haɗuwa a ɗakin bayan shagon wani mai gyaran agogo. Shugabansu tsohon likitan haƙori ne da suke kira Dakta, siririn dattijo mai yawo da madubin ƙara girma a aljihu. An ce tun da aka kafa ƙungiyar bai taɓa yabon motar kowa ba. Shi ne ya laƙaba wa Malam suna Sarkin Gam.

Ranar da Malam ya kai jar motar, ya dawo gida tun daga ƙofa yake kiran Yaya, fuskarsa kamar an kunna fitila a ciki.

"Dakta ya miƙe tsaye! Kin ji? Ya duba fitilun nan ya fi minti goma, sannan ya miƙe ya ba ni hannu. Ya ce ya janye sunan da ya sa mini."

Yaya ta ji wani daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa, domin fitilunta ne aka yi wa tsayuwar. A bayan daɗin kuma wani abu ya soke ta. Ta ɗauki kofin shayi don ta ɓoye fuskarta.

"Kuma sun ce Asabar mai zuwa in nuna musu yadda na yi wayoyin injin, a gaban kowa. An ce kowa ya zo da iyalinsa."

Shayin ya bi ta inda ba hanyarsa ba. Sai da ya bubbuga mata baya.

Mataki na shida: Kada ki ce za ki koya masa a kwana shida

Ba a fafe gora ranar tafiya, balle gorar da ba ta san ana fafe ta ba.

Yaya ta gwada dabaru. Ta bar baƙin zare a kan teburin kamar mantuwa. Ta ce wai ta ji wani mai sayen tabarau yana cewa masu irin wannan aiki da hantsaki suke riƙe zare. Malam ya yi murmushin manya.

"Ke dai bar wa masu abu abinsu."

Ranar Laraba ya zauna zai maimaita aikin a kan wani guntun roba. Awa ɗaya, awa biyu, babu waƙa. Da Yaya ta leƙa ta same shi ya dafe kai, zare ya manne masa a yatsu uku.

"Hannuna ya manta," ya ce a hankali. "Na zauna ina jira ya tuna, ya ƙi."

Ta ga ya jawo na'urar awon jini da ya yi watanni bai taɓa ba, ya ɗaura a damtse. Ta buɗe baki. Maganar ta zo har kan harshe. Sai ta tuna fuskarsa ranar da Dakta ya miƙe tsaye, ta haɗiye, ta ce bari ta kawo masa ruwa.

Garin gyaran gira ake rasa ido, kuma babu wanda ya fi mai shagon tabarau sanin haka.

Mataki na bakwai: Ranar taro, ki kulle bakinki

Wannan matakin Yaya ta faɗi a kansa, shi ya sa nake ja miki kunne.

Ɗakin ƙarami ne, bango cike da agogai, kowanne da lokacin da ya ga dama. Dogon teburi a tsakiya, fitila mai lanƙwasasshen wuya a kai. Mu mata aka ba mu benci a jikin bango. Malam ya zauna a ƙarƙashin fitilar cikin rigarsa mai kyau, mutum huɗu sun zagaye shi, Dakta ya riga ya fito da madubinsa.

Ya ɗauki hantsaki, hantsakin ya ɓace a cikin yatsunsa. Ya kamo zaren, zaren ya lanƙwashe. Ya kai shi bakin ramin, ya goce. Ya ƙara gam. Zaren ya kama babban yatsansa, ya cire shi da ɗaya hannun, ya kama wancan. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Babu mai magana sai agogai.

"A hankali, Malam," in ji Dakta. "Ba ma sauri."

Yaya tana gefena. Ta damƙe jakarta har jijiyoyin hannunta suka fito. Malam ya sake kai zaren, ya sake gocewa, na ga leɓensa na ƙasa yana motsi kamar yaron da aka tsayar a gaban allo.

"Ka taɓa bakin zaren da gam ka bar shi ya bushe tukuna, sai ya yi tauri ya shiga da kansa!"

Muryar Yaya ce. Ita kanta sai da ta waiga ta ga wa ya yi magana.

Dakta ya juyo a hankali. Bai dubi fuskarta ba, hannayenta ya duba. Sannan ya zare hantsakin daga yatsun Malam, ya miƙo mata da hannu biyu.

"Uwargida, bismillah."

Da ta ce ba ta iya ba, da wataƙila an rufa. Amma an miƙa wa mai ƙishi ruwa. Ta tashi kamar wadda ake ja da igiya, ta sunkuya a ƙarƙashin fitilar, cikin minti huɗu wayoyi takwas suka jeru reras. Mai agogo ya fara tafi, sauran suka bi.

Malam ya yi dariya tare da su, har da buga teburi. "To, yau dai kun ga malamata," ya ce. Kowa ya ce ya iya barkwanci.

A hanyar gida ina kujerar baya. Har muka isa idonsa na kan titi, bai dubi kowa ba.

Mataki na takwas: Ki ba da haƙuri, kada ki yi bayani

Ya wuce ɗakin kai tsaye, ya ajiye motar a teburi, ya zauna yana kallonta. Yaya ta tsaya a bakin ƙofa.

"Tun yaushe?"

"Tun tayoyi."

Ya gyaɗa kai. "Nuna mini abin da yake nawa a jikinta."

Ta matso ta ɗauki motar, ta juya ta dama, ta juya ta hagu. Ta duba ciki. Kunya ta rufe ta, domin sai da ta kifa ta sannan ta samu.

"Salansa."

"Wannan da ke kallon gaba?"

"Ita."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Wata huɗu ina tsammanin akwai abin da na iya a duniya ban da surutu a gaban allo." Ya dubi motar. "Kin san lokacin da take a karkace ban taɓa damuwa ba? Zaman nake jin daɗi. Sai da ta fara kyau na fara tsoro. Kullum in shigo ina fargabar kada in ɓata abin da ban san yadda na yi shi ba."

Yaya ta zo da bayani cike da baki: tsumma, hannun riga, maganar likita. Duk suka zube. Ta durƙusa a gefen kujerar, hawaye na zuba.

"Ka yafe mini, Malam. Da farko tsoro ne. Daga baya kuwa so nake yi. Na ƙwace maka abinka saboda ina so, ba don komai ba."

Ya dube ta ya daɗe. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya tashi, suka fito, ya ja ƙofar ɗakin ya rufe, kwana huɗu babu wanda ya buɗe ta. Suna gaisawa, suna cin abinci tare, amma gidan ya yi tsit kamar ɗakin jarrabawa. Yaya takan isa shago tun kafin mai shagon, ta zauna tana goge tabaran da ba su da datti.

Mataki na tara: Ki zauna a kan hannayenki

Ranar Alhamis da yamma Malam ya shigo da kwali biyu. Ya ɗauki kujera ɗaya daga falo ya kai ɗakin, sannan ya leƙo.

"Zo."

Ya zaro alli daga aljihun rigarsa, ya ja layi a tsakiyar teburin daga wannan baki zuwa wancan.

"Nan ƙasarki, nan ƙasata. Shekara ashirin da biyar ina koya wa yara cewa yawancin yaƙi daga kan iyaka yake farawa. Ko inuwar hantsakinki na gani a wannan gefen, an karya yarjejeniya."

Ya tura mata kwalin motar tsere mai guntaye ɗari uku. Shi kuwa ya buɗe nasa, wata ƙatuwar motar ɗaukar kaya. Ya jefar da takardar bayanin gefe, ya fito da harshe, waƙar nan ta dawo ƙasa-ƙasa.

Yaya ta fara nata, amma ido ba ya jin magana. Ta ga ya ɗauki sitiyari, ya dulmiya shi a gam, ya dasa shi a kife, kuma a gaban kujerar fasinja. Yatsunta suka fara motsi da kansu. Ta ajiye hantsaki, ta ɗaga cinyoyinta, ta tura hannayenta biyu ƙarƙashi, ta zauna a kansu da dukkan nauyinta.

Malam ya ɗaga motar sama yana juya ta a haske.

"Yaya kika gani?"

"Ta yi kyau."

"Ƙarya kike yi."

"Ƙarya nake yi."

"Madalla. Ki ci gaba da yi, tana yi mini daɗi."

Yanzu duk Asabar su biyu suke tafiya shagon mai agogo. Shi ke ɗauko mata kwalinta, ya shiga gaba yana cewa a ba da hanya ga direban gwana. Dakta yana duba motocinta da madubi, nasa kuwa yakan dube su daga nesa ya ce, "Malam, wannan ko a duhu aka ajiye ta na san taka ce." Malam ya ɗauki maganar a matsayin yabo, kuma babu wanda ya gyara masa.

Gargaɗi

Duk wadda ta bi matakan nan ta bi ne da ƙafarta. In mijinki ya gano tun a taya ta farko, ko ya ƙi sayo kwali na biyu, ko aka sallame ki daga aiki saboda makara, ko gam ya haɗe miki yatsu ranar da za ki yi baƙi, babu ruwana, babu hannuna, ban san ki ba. Ni da ke ba ki shawarar nan ko maɓalli na ɗinka sai ya faɗi kafin a kai bakin titi. In kuma kika haɗu da wani dogon mutum kakkaura mai alli a aljihu yana tambayar wa ya baza sirrin gidansa, ki ce masa matarsa ba ta da ƙanwa.